Sati Biyu Ina Matashi a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a benci sai ya ce, "Malam Idi, ya Nijar? Wai da gaske koro ka aka yi?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk lokacin da ya zaga gari ya dawo kunnena sai in tarar an ƙara masa wani abu. Jiya na ji wai jandarmomi sun ɗaure ni a jikin bishiya. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na zauna in rubuta yadda abin ya faru. Inda na manta zan ce na manta, don ba na son a tsare ni ranar gobe ƙiyama a kan abin da ban gani ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Idi mai rediyo, mutumin Mahuta, mai rumfa a kasuwar Dandume. Shekara talatin ina gyaran rediyo da kaset. Karatuna firamare ne, sauran a bakin dalma na koya. A da sai mutum ya yi sati yana jira kafin in zo kan rediyonsa. Yanzu kowa a waya yake jin labarai. Ranar kasuwar ƙarshe kafin tafiyata mutum ɗaya ne ya tsaya a rumfata, shi ma aron benci ya zo nema.

A fadama kuwa tsadar fetur ta sa masu noman rani suna jingine injin ban-ruwa suna sayen famfon sola. In ya lalace sai an ɗauke shi zuwa Zariya, kafin a dawo da shi albasa ta kwanta. Na sha tsayawa ina kallon faifan sola ina ce wa raina ai wayar wuta duk ɗaya ce, amma ina tsoron taɓa kayan mutane ban koya ba.

Rannan sai ga Alhaji Bala, shugaban matasan yankinmu. Aji biyu ya ba ni a firamare, shi ne mai kaɗa mana ƙararrawa. Tun muna samari yake riƙe da muƙamin nan, kuma duk zaɓen da aka zo ba a samun wanda ya fi shi ƙuruciya.

Ya ce, "Idi, na sa sunanka. Wata ƙungiya za ta koyar da gyaran famfon sola a Maraɗi, sati biyu, ci da kwana nasu. A ƙarshe a ba ka takardar shaida da akwatin kayan aiki."

Ina cikin godiya ya ƙara da cewa, "Na matasa ne fa, 'yan ƙasa da talatin da biyar. Na rubuta maka talatin da huɗu."

Na ce, "Alhaji, shekarata hamsin da uku. Baba ya rubuta a murfin akwatinsa, yana nan a ɗaki."

"Da akwatin za ka tafi? Ni talatin da uku na sa."

"Ai ka girme ni, Alhaji."

"A gida na girme ka. A takarda kai ne babba, sai ka riƙa kula da ni a hanya. Kuma ka san yadda za ka yi da wannan gemun, ya yi fari fat."

Kwana uku ina juya maganar. Na je wurin limamin unguwarmu, ya ce baƙin rini ba shi da kyau, amma rini da jan lalle ya halatta. Da na faɗa wa matata Asabe, ta yi dariya har ta ajiye ludayi. Ta ce, "Jan gemu, Malam? Sai a ce kakan matasa ne ya zo duba jikoki." Aski kuma ba zan iya ba, tun aurenmu reza ba ta taɓa haɓata ba. Ita ce ta shiga ɗaki ta ɗauko takunkumin da ya rage tun lokacin annobar nan da aka hana mu fita. Na zauna na yi lissafi da zuciyata: ba hannuna ne ya rubuta talatin da huɗu ba, rufe baki kuma ba ƙarya ba ce. In aka tambaye ni zan faɗi gaskiya, sai dai zan yi ta addu'a kada a tambaye ni. Da wannan na kama hanya.

A tashar Funtua muka haɗu, mu goma sha biyu, aka sa mu a bas ɗaya. Ban taɓa ganin gemu baƙi wuluk mai sheƙi da yawa haka a wuri ɗaya ba. Kafin a tashi sai da aka yi rabin awa ana rigima a kan kujerar gaba, don matasa huɗu suna da ciwon gwiwa. Wanda ya zauna kusa da ni Emeka ne, mai shagon kayan wuta a Funtua. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya dubi takunkumina ya ce, "Baba, mura ce ko furfura?" Na ce masa ba mura ba ce. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ni talatin da shida nake, tun jiya nake jin tsoro, amma da na ga motar nan na gane ni ne jariri."

Daga Funtua zuwa Malumfashi mun tsaya sau uku, duk don fitsari. Direba ya ce ya taɓa ɗaukar mata masu ciki zuwa biki, ba su wahalar da shi haka ba. A Malumfashi aka sayi masa da tsire. Ni ban ci ba, don cin masa sai an sauke takunkumi, kuma ban san ko ƙungiyar tana da mutane a hanya ba. Ina riƙe da ledata ina jin ƙamshi, su kuma suna miƙa wa juna maganin hawan jini kamar goro. Muna shirin tashi wata mata mai goyo ta hango Alhaji Bala ta taga, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ina zuwa haka?" Ya juya fuska ya ce wa direba mu tafi.

Mun wuce Kankiya da Katsina, muka isa iyaka bayan Jibiya ana kiran la'asar. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi takardar sunayenmu, ya karanta, ya leƙa cikin mota, ya sake karantawa.

Ya ce, "To, ina matasan? Ku kun zo rakiya ne?"

Alhaji Bala ya ce, "Mu ne, yallaɓai."

Jandarman ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Sannan ya nuna ni. "Kai mai takunkumi, sauka. Hidda shi mu ga huska."

Na sauke takunkumi, na miƙa katin ɗan ƙasa, wanda shekaruna na gaskiya suke a jiki. Na riga na shirya abin da zan faɗa, har da sunan wanda za a sanar a Mahuta. Ya dubi katin, ya dubi gemun, ya dubi takardar. Ya ce, "Baba, kai kaɗai ka yi kama da hotonka cikin motar nan. Maida abinka, ku wuce lahiya." Ban san ko yabo ne ko zargi ba, na yi ta tunani har Maraɗi.

Masaukinmu wani gida ne mai dogon zaure da ɗakuna a jere, mutum uku a ɗaki. Ni da Emeka da Alhaji Bala aka haɗa. A nan na ga yadda ake ƙuruciya. Kullum bayan asuba Alhaji zai zauna gaban ɗan madubi da tsohon buroshin haƙori da wata kwalba, ya bi gemu da gashin baki layi-layi. Rininsa na gida ya ƙare a kwana na huɗu, ya sayi wani mai araha a kasuwa. Emeka ya karanta jikin kwalbar ya ce shi bai ga hoton mutum ba, hoton takalmi ya gani. Alhaji ya ce Faransanci ne, Emeka bai iya ba.

Abincinsu sai a hankali. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ba leda, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau babur. Ranar farko na ƙi ci, ina tunanin hammatar wa ya biyo. Da yunwa ta yi yunwa na ɓare bayan na ci cikin. Shayinsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku. In ka tashi bayan na farko sai a dube ka kamar ka bar jana'iza ba a gama ba. Amma dambunsu da zogale, gaskiya ko Asabe sai ta yi da gaske. Ni dai a bayan ɗaki nake cin nawa, fuskata ga bango. Wani abin mamaki, da rana ta take sai gari ya rufe, kowa ya je ya kwanta sai wajen ƙarfe uku. Mu a Dandume wanda ya kwanta a lokacin nan sai a je gaishe shi da jiki.

Mai koyar da mu Madam Hadiza ce, injiniya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. A wurinta ƙarfe takwas ƙarfe takwas ne. Ranar buɗewa kowa ya zo, aka raba farar riga da hula, aka ɗauki hoto. Washegari muka zama mu bakwai. Kafin sati ya ƙare daga ni sai Emeka sai 'yan Nijar da ke ajin, waɗanda su matasan gaske ne. Sauran 'yan motarmu suna kasuwa suna cinikin kilishi da dabino da atamfa, sai lokacin abinci su bayyana da hulunansu.

Ni kuwa na sha wuya. Abu biyu na fi tsoro a duniya, wuta da ruwa, ga shi an haɗa mini su a aiki ɗaya. Shekara talatin ina korar mutane kada su kawo ko kofin ruwa kusa da teburina, yanzu an ce in ɗaura waya in jefa ta cikin rijiya. Sai na naɗe mahaɗar waya sau bakwai inda aka ce sau uku. Amma mitar awon wuta dai mita ce, jar waya ja ce, baƙa baƙa ce. Na koyi jera faifai su fuskanci rana, na koyi akwatin da ke sarrafa wuta, na koyi buɗe famfo in fitar da yashi. Duk ƙusar da na kwance sai na sa ta a gwangwanin madara na rufe, yadda na saba. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Tun ranar farko, da takunkumina da komai, Madam Hadiza "Baba" take ce mini. Kullum ina jiran ranar da za ta ce in tattara kayana.

Ana jibi za mu tashi ta shigo da wata doguwar takarda. Ranar ajin ya cika, don an ji labarin akwati. Ta ce kowa ya duba sunansa da shekarunsa ya sa hannu, da ita za a buga takardun shaida. Takarda ta zaga ta zo gabana. Ga sunana, ga talatin da huɗu, ga wurin sa hannu.

Duk lissafin da na yi a gida a kan cewa ba hannuna ne ya rubuta ba, nan ya ƙare. Na riƙe biro har ya jiƙe. Na tuna rumfata da ba kowa, na tuna wa zai ba tsoho famfonsa ba takarda ba kayan aiki. Alhaji Bala yana bayana yana taka mini ƙafa. Na ce a raina in sa hannu in yi istigfari daga baya, sai na ga ai wannan shirya zunubi ne da gangan, ya fi na farko muni. Na soke talatin da huɗu, na rubuta hamsin da uku, na sauke takunkumi na sa a aljihu.

Alhaji ya ce a kunnena, "Idi, Allah ya isa. Mu da muka taimake ka?"

Na ce, "Nawa kaɗai na gyara, Alhaji. Ban taɓa naka ba."

Madam Hadiza ta ɗauki takardar ta daɗe tana kallo. Ta kira ni waje. Ta ce, "Baba, mi ya sa ka yi haka? Ai tun ran hwarko na sani. Ba yaron da ke cewa wash in zai durƙusa, kuma ba yaron da ke ajiye ƙusa cikin gwangwani. Da ka yi shiru, ni ma shiru zan yi. Yanzu ka rubuta da biro. Masu ba da kayan sun ce na matasa ne, ba ni da ikon ba ka takarda ko akwati."

Na ce na sani, ta yafe mini wahalar da na ba ta. Na tambaye ta ko abincin da na ci na sati biyu ya halatta. Ta dube ni kamar za ta yi kuka ko dariya, ta ce in je in huta, amma gobe in zo wurin gwaji.

Ranar rufewa aka kai mu wani lambu a bayan gari. Manyan baƙi sun zo daga babban birni da mai ɗaukar hoto. Tsarin shi ne matasan Najeriya su haɗa famfo a gaban baƙi, ruwa ya fito, a tafa. Aka jera su da fararen riguna, Alhaji Bala a gaba. Suka kewaye kayan suna kallo. Ɗaya ya ɗaga faifai ya kifa shi ƙasa. Wani ya ce a fara da addu'a, aka yi, aka sake yin wata. Emeka yana ta fama shi kaɗai, gumi har gira. Madam Hadiza ta yafuto ni, ta ce wa mai hoto ya jira. Aka ce in yi aikin amma in durƙusa bayan tankin ruwa, kada gemuna ya shiga hoto.

A durƙushe na haɗa wayoyin, Emeka yana miƙo mini filaya. Na auna sau uku, na sake aunawa. Aka ba Alhaji Bala bakin tiyo ya riƙe yana murmushi. Na ce bismillah na kunna. Shiru. Alhaji ya juyo da tiyon yana leƙa ciki, ya ce, "Idi, ba komai fa." Bai san sai ruwa ya hau daga ƙasa ba, don ranar da aka koyar da wannan yana wurin masu kilishi.

Ruwan ya same shi a fuska da ƙarfinsa. Kafin ya kawar da kai, baƙi ya gangaro daga gemu ya bi wuya ya sauka kan farar riga. Mutum uku na kusa da shi su ma suka samu rabonsu, don ashe kwalba ɗaya suke amfani da ita. Cikin minti ɗaya shugaban matasa ya koma yayana na firamare. Babban baƙon ya tafa, ya ce a bakin tafinta wannan ya nuna yadda matasa suke shiga aiki da jikinsu ba sa gudun datti. Aka raba takardu da akwatuna goma sha ɗaya. Ni aka ba ni ruwan leda.

A hanyar dawowa ba mai yi mini magana sai Emeka. A iyaka muka tarar da jandarman nan. Ya leƙo ya ga ba takunkumi, ya ce, "Baba, sati biyu kawai ka tsuhwa haka? Karatu da wuya." Da na isa gida Asabe ta dubi hannuna, ba akwati, ba takarda, sai dabino mudu ɗaya. Na ba ta labari. Ta ce, "To ka iya ko ba ka iya ba?" Na ce ina jin na iya. Ta ce to in ci tuwo.

Na koma rumfa na zauna. Sati biyu ba wanda ya kawo ko waya, labarin kora kuma ya riga ni zuwa kasuwa. Na fara tunanin ko in nemi gadi a Funtua.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga babur ya tsaya. Alhaji Bala ne, gemu ya koma baƙi. Bai zauna ba, bai kuma dube ni sosai ba. Ya ce famfon gonarsa ya tsaya kwana uku, albasa ta fara sunkuyawa.

Na ce, "Alhaji, ai kai ne mai takarda."

Ya ce, "Tana bango, na sa mata gilashi. Taso mu je."

"Ba ni da kayan aiki."

Ya kwance wani abu daga bayan babur ya dire a gabana. Akwatin ne, ko ledarsa ba a ɓare ba. Yashi ne ya toshe famfon, kafin azahar ruwa yana gudu a cikin albasa. Da zan miƙa masa akwatin ya ce in riƙe, shi nauyi yake masa. Maƙwabcin gonarsa yana tsaye yana kallo, washegari shi ma ya zo. Yanzu a sati nakan fita fadama sau huɗu ko biyar, kuma biyu daga cikin matasan motarmu sun aiko a tambaye ni ko ina son ƙarin akwati.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba a kore ni ba, ba a ɗaure ni ba. Abu ɗaya ne ya rage da ke hana ni sakewa. Akwatin nan da shekarun ƙarya aka karɓo shi, ni kuma da shi nake ciyar da gidana. Na kai wa liman maganar tun wancan sati. Ya saurare ni har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce mas'ala ce mai zurfi, sai ya duba littafi. Amma ya ce kafin nan in ɗauko akwatin in leƙa famfon masallaci, kwana biyu ke nan ana alwala da ruwan jarka.